Yadda Za Ka Kai Mutanen Daura Bakin Teku da Baki Kawai

Kai da kake zaune kana cewa babu aikin yi, matso kusa. Matakai takwas ne kacal tsakaninka da zama mai fassarar fim wanda matan aure za su riƙa aike takanas a turo musu muryarsa a waya. Na yi maka alkawari, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba sai ka ji yaren kowa ba, ba sai ka hau jirgi ba, ba sai ƙafarka ta taɓa ruwan da ya wuce na alwala ba.

Ni tela ne, sunana Ja'afaru, ban taɓa fassara ko da sallama ba. Amma falankin katako ɗaya ne ya raba shagona da situdiyon Sabiru a nan cikin Daura, kuma shekara biyu ke nan kunnena yana manne da wannan falanki ba da son raina ba. Wanda ya fi ni sanin aikin nan sai dai shi Sabirun. Da shi zan riƙa yi maka misali. Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu: yaron nan ba suna yake nema ba, suna ya riga ya samu har ya yi masa yawa. Abu ɗaya yake so a duniya, ya durƙusa ya gai da mahaifinsa, mahaifin ya amsa.

Mataki na ɗaya: Zaɓi fim ɗin da kowa ya ƙi

Kada ka kusanci fim ɗin Indiya. Manyan Kano sun tare wannan hanya, kafin jarumi ya gama gyara gashinsa sun riga sun fassara shi sun tura ƙauye. Kai nemi abin da aka yar.

Sabiru ya tsinci nasa a ƙarshen wani memori da aka kawo masa gyara. Kartun ne na Japan, labarin wasu mata masu tuƙa kwale-kwale a wani birni da titunansa duk ruwa ne. A tsaye suke tuƙi da dogon filafili ɗaya, su ɗauki baƙi, su zaga da su gari, su dawo da su inda suka ɗauke su. Shi ke nan labarin, wallahi. Ba a sace kowa, ba a mari kowa, ba wanda ya gano cewa direban gidansu ne ubansa. Akwai kashin da aka ƙare shi cur a kan neman wata hula da iska ta ɗauke, da aka same ta kuma mai hular ta ce a bar wa tsuntsu ya yi sheƙa.

Samari suka kalli minti biyar suka ce a goge musu a sa na faɗa. Matan cikin gida kuwa suka ce a ƙaro. Kada ka yi mamaki. Wadda ta wuni tsakanin murhu da kukan yara ba ta neman wanda zai ƙara mata hayaniya.

Mataki na biyu: Kada ka koyi yaren

Wannan shi ne ginshiƙin sana'ar. Wanda ya san abin da ake faɗa, dole ya faɗi abin da aka faɗa. Kai da ba ka sani ba, fili naka ne. Bakin kawai za ka duba. In ya buɗe sau uku, sa kalma uku. In ya daɗe a buɗe, ko dai salati ne ko hamma, zaɓi wanda ya dace.

Sannan ka raɗa wa kowa suna. Babu tsohuwar da za ta riƙe sunan da ya yi kama da atishawa. Sabiru ya sa wa yarinyar da ke koyon tuƙi Zaituna, ƙawarta mai rawar kai Siddiƙa, malamarsu dattijuwa mai farin gashi kuma Goggo Haulatu. Kafin kashi na huɗu akwai matar da ta zo shagona ta ce in ɗinka mata riga irin ta Zaituna, mai faɗin wuya kamar faifai. Na ɗinka. Ban ga ta ƙara sawa ba.

Mataki na uku: Siranta muryarka, ka shirya rasa wani abu

Ba ka da kuɗin ɗaukar mata su yi maka murya, in ma kana da shi babu uban da zai bar 'yarsa ta shiga ɗakin da aka liƙe da kwalin ƙwai da tsohuwar katifa. Don haka kai ne Zaituna, kai ne Siddiƙa, kai ne Goggo. Matse maƙogwaro, ɗaga gira, ka manta kana da gemu. Sabiru ya ƙware har akwai ranar da na tashi da sauri na sa hula don na zaci baƙuwa ce ta yi sallama.

Amma ka sani, muryar nan ba ta zama a ɗaki. Tana shiga waya, waya kuma tana zuwa garinku.

Mahaifin Sabiru, Malam Dabo, manomin kankana ne a garin Babban Mutum. Shekara biyar ke nan da hawan jinin ido ya tafi masa da gani, amma har gobe ba a yanke kankana a gonarsa sai ya ƙwanƙwasa ta. Babban ɗansa Mansur yakan kai shi a babur, tsohon ya bi kunya-kunya yana laluba, ya buga da bayan yatsa, ya karkata kai, ya ce "yanke" ko ya ce "bar ta". Masu saro ba sa fasa ko ɗaya don gwaji in sun ji daga gonar Dabo take.

Tun kafin kartun ɗin nan Sabiru ya taɓa yi wa wani mai fassara muryar mata a wani fim. Wata rana bayan La'asar, a majalisar bakin masallaci, wani mai neman magana ya kunna waya ya kara wa tsohon a kunne. Mace ce ke rusa kuka tana kiran mijinta. Mutumin ya ce, "Malam, ko ka gane wannan baiwar Allah?" Aka tuntsire da dariya. Malam Dabo ya saurara har kukan ya ƙare, sannan ya ce, "Ni ban haifi mai wannan murya ba." Ya laluba takalmansa da ƙafa ya tafi gida.

Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwar Sabiru ba. Duk ƙarshen wata yaron nan yakan hau mota ya je, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Baba, ina wuni." Tsohon sai ya juya wajen matarsa ya ce, "Kande, gaya wa baƙon nan akwai ruwa a randa." Shekara biyu ana haka. Sabiru yakan dawo ya wuni bai kunna kwamfuta ba, ni ma keken ɗinkina sai in riƙa taka shi a hankali. Abin yana cin sa ƙwarai, kuma tsohon ba ƙuruciya yake ƙarawa ba.

In kana ganin za ka iya ɗaukar wannan, mu je gaba. In ba za ka iya ba, koyi faci.

Mataki na huɗu: Kada ka bar shiru ya zauna

Japanawan nan suna da wata muguwar ɗabi'a. Sai su bar mutum biyu a kwale-kwale su yi minti guda ba wanda ya ce uffan, ruwa kawai ake kallo. Bahaushe ba ya biyan kuɗin turi don ya ji shiru, yana da shi a gida kyauta. Cika wurin. Da me? Da abin da ke cikinka, tunda babu wani.

A nan Sabiru ya yi sakaci, kai ma kuma za ka yi. Bai san komai a kan tuƙi ba, iyakarsa da ruwa gulbin damina. Abin da ya sani shi ne yadda tsoho yake koya wa yaro aiki. Sai Goggo Haulatu ta fara magana kamar wadda ta yi shekara arba'in tana noma a Babban Mutum. Zaituna ta damƙe filafili, Goggo ta ce, "Sassauta hannu, wa ya ce miki faɗa ake yi da shi?" Zaituna ta tsoma filafili a ruwa da garaje, Goggo ta rufe ido, ta karkata kai, ta ce, "Sake, ban ji ba."

Wannan kalma ta kama gari. Mata suka ɗauke ta suna yi wa yara in sun yi gaisuwar ganin dama. Ba wanda ya san cewa abin da Malam Dabo yake faɗa ke nan a gona tun Sabiru yana ɗan shekara bakwai, duk sanda ya ƙwanƙwasa kankana da gaggawa. Ni ma sai da na tambaya. Ya ce shi bai ma lura ba, baki ne ya buɗe sau huɗu ya sa kalma huɗu.

Mataki na biyar: In aka je bakin teku, rufe komai

Ko ba daɗe ko ba jima za ka iso kashin da masu kwale-kwale za su ajiye aiki su tafi hutu bakin teku. Ka ji fa: mutanen da suke wuni a kan ruwa, aka ba su hutun kwana ɗaya, sai suka tafi wajen wani ruwan. Kamar a ba ni hutu in tafi shagon wani tela in zauna ina kallo. Kada ka nemi dalili. A wurin Sabiru kashi na goma sha ɗaya ne.

Matsala biyu za ka tarar. Ta farko, ba ka taɓa ganin teku ba. Wannan ba komai, masu kallonka ma ba su taɓa gani ba. Rairayi dai muna da shi har ya ishe mu, abin da ya rage ruwa ne kawai. Ta biyu, tufafin da ake shiga ruwa da su a can ba irin wanda za ka tura wa surukar mutum ba ne. Kada ka yanke, in ka yanke minti uku ne zai rage maka.

Ga dabara. Ɗauko tallar shagonka, wadda take bi ta ƙasan fim da suna da lambar waya, ka ja ta sama, ka ƙara ja, har ta kai wuyan kowa. Haka Sabiru ya yi. Kashi na goma sha ɗaya ya fito kawuna uku ne da shuɗin sama, sauran duk SABIRU SITUDIYO DAURA da lambobi manya kamar na motar haya. Teku ma sai ka leƙa ta gefen sifiri kafin ka hango ta. Ba wanda ya yi ƙorafi. Wata hajiya ma ta aiko a gaya masa Allah ya yi albarka.

Sai dai ka lura da abin da ka aikata. Ka mayar da fim rediyo. Mai ido da marar ido yanzu abu ɗaya suke samu, kuma marar idon ya fi iya saurare.

Mataki na shida: Ƙera ƙarar teku da abin da ke hannu

Da ka goge muryar Japanawa, ƙarar komai za ta bi ta, don a cakuɗe suke. Dole ka ƙera sabuwa. Zuba gero a babban tire ka riƙa karkata shi dama da hagu a hankali, ga igiyar ruwa. Iskar da kake ji a kashin nan shaddar wani alhaji ce da aka kawo mini ɗinkin Sallah, ni na tsaya ina kaɗa ta a gaban makirfo. Tsuntsayen teku Sabiru ne da kansa, shi ya sa suka yi kama da zabi.

Sai aka zo kan kankana. Ashe a can wasa ne, a ajiye kankana a kan rairayi, a ɗaure wa mutum ido da ƙyalle, a juya shi har ya ji jiri, a ba shi sanda, 'yan uwansa su tsaya gefe suna gaya masa inda zai bi har ya same ta ya fasa. Zaituna aka ɗaure wa ido. Sabiru ya tsayar da hoton ya daɗe yana kallo. Daga nan ya yanke cewa ba wasa ba ne, jarrabawa ce ta matuƙa, don a ga wadda za ta iya kai kwale-kwale gida da kunne kaɗai.

Ina ta bayan falanki ina jin sa. Muryar Siddiƙa tana cewa dama, hagu, taku biyu. Sai muryar Zaituna ta ce, "Ba na ganin komai, amma kada ki daina magana. In kika yi shiru ne nake ɓata." Ya yi wannan layi sau shida. Biyar na farko muryar tana karyewa a tsakiya ta koma ta namiji. Na san wanda yake tunani, kai ma ka sani.

Saura ƙarar fashewar kankana. Nan ne za ka yi kuskuren da zai tona maka asiri, don haka buɗe kunne. Sabiru ya fita bakin titi ya nuna wata da yatsa daga nesa, ya biya, ya rungumo. Bai ƙwanƙwasa ba, bai juya cikinta ya ga ko ya yi rawaya ba. Tun da abin nan ya faru tsakaninsa da mahaifinsa ba ya iya buga kankana da yatsa, ya ce in ya ɗaga hannu sai ya ji kamar ana tsaye a bayansa ana saurare. Ya kawo ta, ya ajiye gaban makirfo, ya maka mata muciyar da ya aro. Ta ce ƙwas. Da ta rabe, cikinta fari fat da ɗan ja-ja kamar idon mai mura. Na ce masa ɗanya ce. Ya ce wa zai sani, ai ba a ganin ta, talla ta rufe.

Mataki na bakwai: Tura wa kowa, kada ka tambayi mai saurare

Ranar kasuwa ita ce ranarka. Jera wayoyi, karɓi memori, tura, miƙa. Kada ka tambayi kowa wa zai kalla. Mutum zai ce na yara ne alhali autansa ya yi aure.

A cikin masu zuwa har da Inna Kande, mahaifiyar Sabiru. Takan biyo motar kasuwa daga Babban Mutum sau ɗaya a wata, ta kawo masa kuka da daddawa, ta kwance bakin zane ta fito da wata 'yar waya mai madannai da aka ɗaure da roba. Kullum maganarta ɗaya: "Sa mini na masu jirgin nan, yaran maƙwabta ke damuna." Gilashin wayar ya fashe tun bara, baƙi ƙirin yake, ba abin da ake gani. Sabiru ya sha cewa ta kawo ya canza mata, ta ce a bar shi haka nan, yaran ba sa damuwa.

Ɗan da ya iya ƙirƙiro wa Japanawa zance bai taɓa tsayawa ya yi tunanin wane irin yara ne suke kallon kartun a baƙin gilashi ba. Ni ma da nake maka wannan bayani ban yi ba.

Mataki na takwas: In mai gyara ya zo, tashi tsaye

Kwana huɗu da tura kashi na goma sha ɗaya, da hantsi, babur ya tsaya a ƙofar shagona. Mansur ne ke tuƙi, bayansa wani dogon tsoho da farar hula da sanda, tsakaninsu buhu mai ƙullutu biyu. Ba a daɗe ba Inna Kande ta sauko daga mota tana haki, da alama biyo su ta yi. Sabiru ya leƙo da abin sauraro a wuya, ya ga wanda ya zo, ya daskare a bakin ƙofa. Ko gaisuwar bai iya yi ba.

Malam Dabo ya tsaya yana juya kai, ya ji ƙarar kekena, ya fuskance ni. Na tashi na gaishe shi, ya amsa mini da kyau, har da tambayar iyali. Sannan ya ce, "Tela, kai ne maƙwabcin mai shagon nan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"To gaya masa an ji abin da ya yi. Gaya masa shekara arba'in ina sayar da kankana, daga nan har Zangon Daura ba wanda ya taɓa fasa tawa ya ga fari. Gaya masa duk wanda ya san kankana a ƙasar nan ya ji wannan ƙwas ɗin, kuma an san ɗan gidan wa ya yi ta. Gaya masa..." Sai ya buga sandarsa a ƙasa, ya juya daidai inda yaron yake tsaye kamar yana ganin sa. "Kai Sabiru. Da hannunka ka zaɓi wannan abar?"

Shekara biyu rabon da sunan nan ya fito daga bakinsa. Shi kansa sai da ya ɗan yi turus. Sabiru ya ce, a hankali, "Nuna ta na yi, Baba. Ban taɓa ba."

"Ai na ji ba ka taɓa ba. Kuma ka sa Haulatu tana tsaye a wurin ta yi shiru. Matar nan tana da hankali, tun kashi na biyu na san tana da hankali. Ita za ta bari a ɗaure wa yarinya ido, ta sha wannan wahala, a ƙarshe ta fasa ɗanya?"

 Mansur ya sunkuyar da kai yana gyara madubin babur da ba abin da ya same shi. Inna Kande ta ce, "To Malam, ka dai faɗa da bakinka. Ni na gaji da yi wa yaran maƙwabta ƙarya." Ta juyo wajen ɗanta. "Tun na ɗaya yake ji. In na kunna ya ce in kashe wannan shirme, in na kashe ya ce wa ya sa ni. Na hula sau uku ya ji shi."

Tsohon ya ce, "Kande, ba wannan ya kawo mu ba. Mansur, sauke buhun."

Aka shiga situdiyo, ɗakin da mutum biyu ma sai sun yi haƙuri da juna. Ni na tsaya a ƙofa, don aikin kaɗa shadda ya ba ni haƙƙi. Aka shimfiɗa leda, aka ajiye kankana ɗaya, baƙa-kore mai rawayan ciki. Sabiru ya miƙa hannu zai ɗauki muciya, tsohon ya ce a'a, wanda bai iya zaɓa ba bai isa ya fasa ba. Ya gyara riƙon sandarsa. Ya ce shi ba ya bukatar ƙyalle, an riga an ɗaure masa. Sannan ya sa Mansur ya juya shi sau biyu, don haka aka yi wa Zaituna, ya tsaya yana fuskantar bango.

Sabiru ya ce, "Baba, dama kaɗan."

Tsohon bai motsa ba.

"Baba, ka juyo dama."

"Ba kai ke magana a wurin nan ba," in ji Malam Dabo. "Siddiƙa ce."

Na dubi yaron nan. Wannan muryar ce ta raba su, yanzu kuma ita ake ce masa ya yi, a gaban uwarsa da wansa da tela. Ya ɗaga gira, ya matse wuya, ya buɗe baki, abin da ya fito bai kai kukan ɗan tsako ba.

Tsohon ya rufe idanun da ba sa gani, ya karkata kai. Ya ce, "Sake, ban ji ba."

Sai Siddiƙa ta fito sarai, da rawar kanta da komai. Dama. Ƙara kaɗan. Taku ɗaya. Ya isa, tana gabanka. Malam Dabo ya bi muryar taku bayan taku, ya ɗaga sanda har ta taɓa kwalin ƙwai na rufi, ya sauke. Ba ƙwas ta ce ba. Wata ƙara ce mai zurfi, dum, sannan ta tsage da kanta har ƙasa, ja wur, ruwa ya fantsama a kan kwamfuta da katifa da gaban rigata.

Sai a sannan Sabiru ya tuna abin da bai yi ba. Ya durƙusa a cikin ruwan kankana ya ce, da muryarsa ta gado, "Baba, ina kwana."

Tsohon ya ce, "Lafiya lau, Sabiru. Amma rana ta take, wuni ake cewa."

Inna Kande ta ja mayafi ta rufe fuska. Sabiru ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe ya juya wajen kwamfuta don ya saurari abin da aka ɗauka, sai na ga kafaɗunsa sun zube. Jan maɓallin ɗaukar murya yana nan yadda yake, ba a danna ba. Ba a ɗauki komai ba, ko numfashi.

Ya ce, "Baba, na manta ban kunna ba."

Malam Dabo ya miƙa ƙafa ya taɓa buhun da ke gefe, inda ɗayar take jira. Ya ce, "Shi ya sa na zo da biyu. Na san ɗan da na haifa."

Sanarwa

Ni Ja'afaru tela ba ruwana da abin da zai biyo baya in ka bi waɗannan matakai. In Japanawa suka zo neman ba'asin abin da ka sa 'ya'yansu suka faɗa, ban san ka ba. In muryarka ta maƙale a sama ta ƙi saukowa, nemi mai magani, ni ɗinki na iya. In ruwan kankana ya shiga kwamfutarka, ta Sabiru ma sati biyu ta yi a wurin gyara. Ban kuma ce kowane uba zai hau babur tun daga Babban Mutum saboda ɗanyar kankana ba, wani uban ko gonar ka fasa ba zai zo ba, don haka kada ka je ka ɓata wa naka rai da gangan ka ce ni na koya maka. Alhajin da ya karɓi shaddarsa ranar nan ya tarar na ɗinke bakin hannun riga ɗaya ruf, shi ma ya yi haƙuri ya kawo in farke. A lokacin ƙwalla ta cika mini ido, ba na gani sosai, kuma ba wanda ya tsaya kusa ya ce mini dama ko hagu.